Ayabar dala miliyan shida da rigimar zanen zamani

Ummin Baba: Slm 'yan uwa, dan Allah taimako nake nema. Ina aji ɗaya a sashen zane, an ba mu aiki mu rubuto makarantun zanen zamani da salon kowacce, ni kuma wlh sunayen nan sun cakuɗe min a kai, impireshinizim ne, fobizim ne, kiyubizim ne, na haddace su tas amma in aka ajiye min zane a gabana ba zan iya ce miki ga gidan da ya fito ba. Wanda ya sani ya warware min da Hausa yadda zai zauna.

Ɗan Ƙofar Mata: Ƙanwata kafin a zo kan izim izim ɗin nan ni a fara amsa min tawa. A watan Nuwamba na 2024 an yi gwanjon ayaba guda ɗaya da aka manna a bango da salatif a birnin New York, aka saye ta dala miliyan 6.2, wanda ya saya kuma ya ɓare abarsa ya cinye a gaban 'yan jarida. Ni marini ne ɗan marini, sai na wuni tsugune a bakin karofi bayana kamar zai tsage kafin in fitar da zane ɗaya, to a gaya min meye fasaha a cikin ayabar nan. Abin yana min ciwo ne shi ya sa nake tambaya.

Malamin Zane: Wa alaikumus salam. Ɗan uwa tambayarka tana kan hanya kuma zan zo kanta, amma in na fara da ayaba ba za mu gane komai ba, sai mun koma baya. Ummi ki ajiye haddar nan tukuna, ki riƙe abu ɗaya, kyamara. Ɗaruruwan shekaru aikin mai zane a Turai shine ya zana sarki ko attajiri ko labarin coci ya fito sak kamar ka kira shi ya amsa, da haka ake auna gwani. Sai a 1839 aka bayyana hanyar ɗaukar hoto a Faransa, a hankali inji ya zo yana yin abin da mutum ke shafe watanni yana yi. Daga nan masu zane suka shiga tambayar kansu to mu me ya rage mana, me hannu da fenti za su iya wanda injin nan ba zai iya ba. Kusan duk izim ɗin da kika lissafa amsa ce daban ga wannan tambayar.

Na farko su Mone, wani mai zane ɗan Faransa, da abokansa. A 1841 wani Ba'amurke ya ƙirƙiro fenti na cikin tub irin na man goge baki, sai ya zama mutum zai iya zuba kayansa a jaka ya fita bakin kogi ya zauna ya zana abin da yake gani a lokacin, ba sai ya kulle kansa a ɗaki ba. Mone ya zana tashar jiragen ruwa ta Le Havre da sassafe cikin hazo a 1872, rana ɗigon ja ce kawai, jiragen kuma 'yan shafe-shafe. Da suka baje kolin aikinsu a Faris a 1874 wani ɗan jarida ya ɗauki kalmar impireshin da ke cikin sunan zanen ya yi musu ba'a da ita, wai ba su gama aiki ba, abin da ido ya fisga kawai suka zana. Sunan ba'ar nan shine impireshinizim. Alamarsu in kin gani, bugun burushi gajeru a fili ba a goge su sun yi sumul ba, sannan inuwa ba baƙa ba ce, za ki ga shuɗi da ruwan makuba a cikinta.

Ɗan Ƙofar Mata: To wannan kam na yarda da su. Duk marini ya san launi ba ya tsayawa waje ɗaya. In ka tsamo zane daga ruwan baba kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi kana kallo yana juyewa shuɗi a hannunka. Kuma turkuɗin da aka buga ya yi ƙyalli, yadda yake da hantsi daban yadda yake da la'asar daban, shi ya sa mai saye mai wayo sai ya fito da shi daga rumfa ya duba a rana.

Malamin Zane: Allah ya yi maka albarka, ai ka gama bayanin. Mone ya zana gaban babbar cocin Rouen wajen sau talatin, gini ɗaya, don kawai ya kama yadda haske ke sauya shi daga safe zuwa yamma. Bayansu sai kowa ya ja nasa. Sora ya ce shi ba zai ma gauraya launi ba, ɗige-ɗige zai yi ƙanana kusa da juna idon mai kallo ya haɗa da kansa, wannan shine pointilizim, babban zanensa na mutane suna shan iska a wani tsibiri ranar Lahadi ya ci masa shekara biyu, 1884 zuwa 1886, yanzu yana Shikago. Van Gogh kuma ya dinga labta fenti da kauri har yana tudu, wannan dabarar ita ake kira impasto. Ummi ki ɗauke ta kamar yaɓe, in kika gwada da kanki ya bushe kika shafa yatsa za ki ji sawun burushin kamar kunya a gona.

Hajiya Mai Lalle: Malam ni fa wanda na taɓa gani ya tsaya min a rai wata mata ce da aka ja mata koren layi tun daga goshi har kan hanci, gefen fuskar ɗaya launi daban ɗayan daban. Da farko na ce wannan wane irin wulaƙanci ne, amma na kasa daina kallo.

Malamin Zane: Hajiya wannan Matis ne, kuma matarsa ce ya zana a 1905. A shekarar ne suka nuna aikinsu a Faris shi da abokansa wani mai sharhi ya kira su fob, wato namun daji da Faransanci, saboda yadda launukan ke ihu. Fobizim kenan, launi ya daina bin abin da yake a zahiri ya koma bin abin da mai zanen ke ji. Abin nan yana taɓa ni sosai don ina firamare na taɓa yi wa bishiyar kuka fenti ja, da yamma ne na ganta rana na faɗuwa a bayanta kuma wlh ja na gani, malamin ya zane ni a gaban aji ya yaga takardar wai bishiya kore ce. Na yi shekaru ban sake taɓa kala ba. Shi ya sa yau ko me yaro ya kawo min sai na fara tambayarsa me ka gani.

Ummin Baba: Allah sarki Malam. To kiyubizim fa, shi ne ya fi ɗaure min kai, komai a farfashe kamar an taka madubi.

Malamin Zane: Ɗauko butar alwala ki ajiye a gabanki. In kika tsaya waje ɗaya gefe ɗaya kawai kike gani, kuma haka Turawa suka yi ta zane tun ƙarni na 15, ido ɗaya a waje ɗaya, na nesa ya ƙanƙance na kusa ya girma, shine fasfektib. Amma ai ke kin san butar tana da baki zagayayye in kika leƙa ta sama, tana da gindi, tana da hanci da mariƙi. Pikaso da Burak suka ce to me zai hana a zuba duk wannan sanin a fuska ɗaya lokaci guda. Shi ya sa kike ganin kamar an farfasa. Tsakanin 1909 da 1912 sun kusa watsar da launi ma gaba ɗaya, sai ruwan ƙasa da toka. A 1912 kuma suka fara manna takardar jarida da ƙyalle a jikin zanen, wannan shine kolaj.

Bazazzage: Malam ka yi haƙuri amma ka tsallake inda ya fi muhimmanci. A 1907 Pikaso ya shiga gidan ajiye kayan al'adu na Trocadero a Faris ya ga sassaƙe-sassaƙe da fuskokin katako da aka kwaso daga Afirka da tsibiran teku zamanin mulkin mallaka, kuma ka duba zanensa na mata biyar ɗin nan na wannan shekarar, fuskokin biyun da ke dama daga ina suka fito. Shi ya zama gwanin duniya, masassaƙan da suka yi aikin ko sunansu ba a rubuta ba, an ce musu kayan mutanen da ba su waye ba. Ni a wajena wannan sata ce, a daina yi mata kwalliya.

Malamin Zane: Ban tsallake don ɓoyewa ba, kuma rabin maganarka ina tare da kai. Yadda kayan suka isa Faris zalunci ne a ciki, rashin rubuta sunan masu aikin ma zalunci ne. Inda na bambanta da kai, mai zane ya kalli aikin wani ya koyi abu wannan ba sata ba ne, kowa haka yake yi, mu ma haka muke. Laifin yana wajen masu rubuta tarihi da suka ce wannan fasaha ce wancan kuma tarkacen gargajiya.

Bazazzage: To ai shi ma ya ci moriyar wannan rabon, bai taɓa fitowa ya gyara ba. Mu bar shi a haka, ban gamsu ba.

Amma bari in kawo wata. Mahaifina magini ne a cikin birnin Zariya, Allah ya jiƙansa. Ina yaro ina riƙe masa kwarya yana zayyana a fuskar zaure, yaɓen na ɗanye zai sa yatsa ya ja layi ba ruler ba komai, ya murɗo shi ya shigar ta ƙarƙashin wani ya fito da dagi, in ya ja da baya ya ƙanƙance ido ya ga bai zauna ba sai ya shafe da tafin hannu ya sake. Ba mutum ba dabba a ciki, layi ne da siffa kawai. To da aka ce min wai Kandinski da Malebic ne suka ƙirƙiro zanen da ba ya kwaikwayon komai wajen 1910 zuwa 1915 sai na ce a ina. Aska takwas da ke gaban babbar riga hoton waye? Zayyanar da ake yi wa allo ranar sauka fa?

Ɗan Damagaram: Gaskiya ne Yaya, mu ma a unguwar Birni a Damagaram gidajen nan suna nan da zayyanarsu, baƙi suna zuwa suna ɗaukar hoto mu muna wucewa ko ɗaga kai ba ma yi.

Malamin Zane: Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Nan ne nake so Ummi ta buɗe kunne. Kalmar da za a tambaye ki ita ce abstarak, zanen da ba ya nuna wani abu da ake gani a duniya, layi da launi da siffa su ne maganar. Kuma eh, mu da sauran ƙasashen Musulmi mun daɗe a nan, su kansu Turawan sun sani, Matis ya je babban baje kolin fasahar Musulunci a Munik a 1910 sannan ya tafi Maroko a 1912, Paul Klee ya je Tunisiya a 1914 kuma aikinsa bai koma yadda yake da ba. Sai dai kar mu ce abu ɗaya ne. Baba yana aiki ne cikin gado, kowace siffa da sunanta, ya koya wajen na gaba ya ƙara nasa, kuma mai gida da masu wucewa duk sun san me suke kallo. Malebic kuwa da ya zana baƙin murabba'i a kan farin fili a 1915 ya rataye shi a kusurwar ɗaki ta sama, daidai inda Rashawa ke rataye hotunan addininsu, faɗa yake yi da gadonsa, cewa yake a share komai a faro daga sifili. Siffa ta yi kama amma niyya ta sha bamban.

Bazazzage: Wannan na karɓa. Kodayake kar a ɗauka maginanmu a daskare suke, akwai gidajen da za ka ga an saka keke da agogo har da jirgin sama a cikin zayyanar, abin da ya shigo gari shi ma sai ya hau bango.

Malamin Zane: Sosai. Kuma Ummi kar ki rubuta aikin nan ki tsaya a Faris da New York. A Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su zauna malamai Turawa suna koya musu zane kamar a Landan suke ba, za su ɗauki dabarun da suka koya su haɗa da abin gidansu. Okeke ya koma kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Har yau ana ce musu 'yan tawayen Zariya. Ga Ladi Kwali da ke bayan naira ashirin, tukunyar Gwari ta gada ta shiga cibiyar tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ta haɗa zanen gida da gashin zamani.

Abu Umdurman: Slm daga Sudan. Ku saka Ibrahim El-Salahi a lissafi dan Allah, ɗan garinmu ne, an haife shi a Umdurman a 1930 kuma mahaifinsa malamin allo ne. Ya yi karatun zane a Landan ya dawo ya baje aikinsa irin na Turawa mutane ba su kula ba, sai ya lura abin da mutane ke ratayewa a ɗakunansu rubutun Larabci ne da zayyana, sai ya koma kan harafi, yana jan sa yana buɗe shi har siffofi su fito daga ciki. Wannan salon na gina zane a kan harafi ana ce masa hurufiyya. An ɗaure shi a kurkukun Kobar a 1975 ba tare da shari'a ba. A 2013 gidan Tate Modern na Landan ya yi baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa.

Hajiya Mai Lalle: Ikon Allah, ashe daga allo ma ana zuwa can. Ni ina da wata tambaya Malam, su masu karkata fuska da jiki ɗin nan, ba rashin iyawa ba ne?

Malamin Zane: Hajiya Pikaso yana ɗan shekara 15 yana zana mutum sak, zanukan suna nan a Basalona. Ki nemi hoton Gernika ki kalla. Ranar 26 ga Afrilu 1937 jiragen Jamus da Italiya suka yi wa wannan garin na Sifen ruwan bama-bamai ranar kasuwa. Pikaso ya zana abin a kan kanbas, wato yadin da ake zane a kai, mai faɗin kusan mita takwas, baƙi da fari da toka kawai. Can gefen hagu akwai uwa riƙe da gawar ɗanta ta ɗaga kai sama, bakin a wage, harshen kamar tsinin wuƙa, idanun sun zame daga mazauninsu kamar hawaye. Da ya zana ta kyakkyawa daidai wa daida da ƙarya ya yi.

Hajiya Mai Lalle: Na nemo na gani yanzu. Innalillahi. Na taɓa ganin mace a irin wannan halin da idona, haka fuskar take komawa wlh, ba ka gane ta.

Ɗan Ƙofar Mata: Allah ya kiyaye mu. Malam duk na bi ka, amma har yanzu ayabata tana nan a bango.

Malamin Zane: To ga ta. Kakan ayabar nan shine Dushan, wani mai fasaha haifaffen Faransa. Ana tsakiyar yaƙin duniya na ɗaya wasu matasa suka taru a Zurik a 1916 suka ce wayewar da ta kai miliyoyin samari rami ba ta cancanci a yi mata zane mai kyau ba, suka kira kansu Dada. A 1917 a New York Dushan ya sayi mazubin fitsari na banɗakin maza a shago, ya kwantar da shi, ya sa hannu da sunan bogi ya aika baje koli, aka ƙi nunawa. Irin wannan ya kira shi redimed, kalmar nan dai da muke faɗa wa kayan da ba tela ya auna ka ba. Tambayarsa ita ce wa ke yanke hukuncin abu fasaha ne, hannu ne ko tunani ko kuwa ɗakin da aka ajiye shi. Daga nan aka samu fasahar da tunanin shi ne aikin. Wanda ya sayi ayabar Cattelan, wato mai fasahar da ya ƙirƙiro aikin, ba ayaba ya saya ba, ita an sayo ta ne wajen mai tallan kayan marmari a bakin titi a kuɗin da bai kai dala ɗaya ba, takardar shaida ya saya da izinin ya manna sabuwa duk sanda waccan ta ruɓe ya kira ta da sunan aikin.

Ra'ayina kuma tunda ka tambaya, tambayar Dushan tana da nauyi a 1917 kuma ina koyar da ita da gaske. Ayaba maimaici ce bayan shekara ɗari, kuma miliyan shidan nan labarin kasuwar masu kuɗi ne da neman suna, ba ma'aunin fasaha ba. Ba zan taɓa ɗora ta sama da zanen da ka tsamo daga karofi ba.

Ɗan Ƙofar Mata: Na gode da ka faɗi gaskiyarka. Amma ni har Dushan ɗin ban yafe masa ba, shi ya buɗe ƙofar da ake raina aikin hannu. Da wancan mai watsa fenti a ƙasa, ɗana na aji uku zai yi.

Malamin Zane: Polok kenan, daga 1947 yake shimfiɗa kanbas a ƙasa yana zagaya shi yana ɗiga fentin gida da sanda. A kansa kam ba zan bi ka ba. Duk shekara nakan shimfiɗa wa ɗalibai kwali a tsakar gida in ba su gwangwani uku in ce bismilla, minti goma ya zama taɓo, don ba su san yaushe za su bar wani ya sha iska kafin su zuba wani ba, ba su san kaurin da fenti zai yi ya zubo kamar zare bai tsinke ba, ba su san inda za su tsaya ba. Ka ba yaron naka ya gwada ka turo mana, da gaske nake.

Ummin Baba: Malam saura sariyalizim da pop, su ma suna cikin takardar.

Malamin Zane: Waɗannan ba za su ba ki wuya ba. Sariyalizim daga 1924, zanen mafarki, komai an zana shi sak amma haɗin ba zai yiwu a farke ba, kamar agogunan Dali na 1931 da suka narke suna rataye. Pop kuma kayan talla da na kanti, Warhol ya jera zanukan gwangwanin miya 32 a 1962. Amma kafin ki rubuta komai ki zana min butar nan sau uku, ɗaya da hantsi a waje da gajerun bugu, ɗaya da launin da ranki ya ba ki, ɗaya kuma ta sama da gefe da gindi a haɗe, ki turo nan ranar Asabar.

Bazazzage: Ummi in kina kusa da Zariya ki zo da takardarki kafin damina, akwai zaure ɗaya na aikin Baba da ya rage, magada sun ce bana za su shafe shi da siminti.

Ummin Baba: Insha Allahu Baba zan zo, ranar Lahadi in babu damuwa, zan taho da ƙawata mai kyamara.